Da Ɗan Gari Akan Ci Gari: Neman Burbushin Halittun Dā a Ƙasar Wasu

  

Yau hirarmu a kan dutse za ta tsaya. Irin dutsen nan da in an tsaga shi biyu, sai a tarar da kifi kwance a ciki. Ga ƙayarsa, ga jelarsa, ga gurbin idonsa. Babu hannun mai sassaƙa a kansa. Kifi ne na gaske, wanda ya yi iyo tun kafin ɗan Adam ya taka bayan ƙasa. Ikon Allah ke nan.

Shi ne ake kira burbushin halittun dā. Dabba ta mutu, laka ta rufe ta. Wata lakar ta hau kan wata. Nama ya ruɓe, ƙashi ya saura. Ruwa mai ɗauke da ma'adini ya yi ta ratsa ƙashin, yau da gobe, har ya koma dutse. Haka ganye, haka itace, haka sawun ƙafa.

To, me ya kawo wannan zance? Mutanenmu matafiya ne. Wani karatu ya kai shi Ingila. Wata jinya ta kai ta Masar. Wani fatauci ya kai shi Maroko, wani taro ya kai shi Amurka. A tsakanin hidima akan sami yini ɗaya na banza. Yawancinmu kasuwa muke nufa, mu sayo turare da agogo. Amma akwai masu son su ga irin waɗannan duwatsu da idonsu, su taɓa da hannunsu. Tambayarsu ita ce: baƙo a ƙasar da bai sani ba, ta ina zai gano wurin?

Amsata gajera ce, kuma za ku ji ina ta maimaita ta. Da ɗan gari akan ci gari. Ka tambayi masu ƙasa inda abin yake. Ka tambaye su abin da aka yarda ka yi da shi.

Bari mu fara da dutsen kansa, don ba kowane dutse ke ɓoye halitta ba. Ku dubi Kufena a Zariya, ko Kwatarkwashi, ko Zuma. Waɗannan daga narkakken dutse suka samu, can cikin ƙasa, cikin zafin da babu mai rai da zai jure. Ko shekara ka yi kana fasa su, ba za ka ga ƙashi ba. Dutsen da ake nema shi ne mai hawa-hawa, kamar an jera tabarmi. Wanda laka da yashi suka kwanta suka daskare a ƙasan tsohon teku, ko tabki, ko kogi.

Ba sai mun yi nisa ba kafin mu ga misali. Yankin Sakkwato ya taɓa zama ƙarƙashin teku. Farin dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina, ragowar wannan teku ne. A duwatsun yankin aka tono ƙasusuwan wani ƙaton ƙadangaren ruwa. A 1972 masana suka raɗa masa suna Goronyosaurus. Kun ji Goronyo a ciki, ko? To, sunan garinmu ne.

Saboda haka, kafin ka ɗaura kaya, nemi taswirar duwatsun ƙasar da za ka. Ƙasashe da yawa suna da hukumar binciken ƙasa, kuma taswirarsu na nan a intanet. Za ta nuna maka inda dutse mai hawa-hawa yake, da shekarunsa. Sai dai taswira iyakarta ke nan. Ba za ta gaya maka gonar wa za ka ratsa ba. Ba za ta gaya maka wane gangare ke zaftarewa ba. Wannan sai mutum.

Yanzu mu je Ingila, don a can ne baƙo ya fi samun sauƙi.

A kudancin ƙasar akwai wani ɗan gari a bakin teku, ana ce masa Lyme Regis. Daga Landan jirgin ƙasa za ka shiga zuwa Axminster, sannan ka hau bas. Gaɓar tekun wannan yanki doguwa ce, kuma tun 2001 hukumar UNESCO ta sa ta cikin wuraren gadon duniya. Gangarenta laka ce mai duhu da ta daskare. Ruwan sama na jiƙa ta, igiyar ruwa na cin gindinta. Kullum tana zubowa. In ta zubo, teku ya wanke, sai abin da ke ciki ya bayyana a kan tsakuwa.

Me ake samu? Abin da ya fi yawa wata halitta ce mai kama da dodon-koɗi, a naɗe kamar ƙahon rago. Wasu ba su wuce ƙwayar gyaɗa ba, wasu sun kai faifai. Wasu ma suna ƙyalli kamar zinariya, ko da yake ba ita ba ce. Mai sa'a yakan tsinci ƙashin bayan wata dabbar teku.

A wannan gari aka haifi Mary Anning a 1799. 'Yar kafinta ce, talaka, kuma mahaifinta ya rasu tana ƙarama. Da tsintar waɗannan duwatsu tana sayar wa baƙi gidansu ke cin abinci. A 1811 wanta Joseph ya gano wani ƙaton ƙoƙon kai mai dogon baki, aka zaci kada ne. Bayan wasu watanni ita ta gano sauran jikin, tana yarinya 'yar shekara 12. Ashe wata dabbar teku ce da ta ɓace tun zamanin zamanai. A 1823 ta sake tono wata, mai dogon wuya da ɗan ƙaramin kai. Babban masanin Faransa na lokacin, Georges Cuvier, ya fara zargin haɗe-haɗe ne. Daga baya ya yarda gaskiya ce.

Ku lura da wani abu, jama'a. Manyan malamai daga Landan da Oxford wurinta suke zuwa. Ita ke shige musu gaba a bakin teku. Ita ta san wane lungu ke bayarwa bayan hadari. Su ne masu digiri, ita ce 'yar gari. Sau da yawa sun rubuta takardu a kan abin da ta tono ba su ambaci sunanta ba, kuma ƙungiyarsu ta masana duwatsu ba ta karɓar mata a lokacin. Wannan zalunci ne, kuma yana mini ciwo duk lokacin da na tuna. Sai a 2022 aka kafa mutum-mutuminta a garin.

Har yau tsarin bai sauya ba. A Lyme Regis akwai gidan tarihi, a daidai inda gidan su Mary yake a dā. A Charmouth, garin da ke maƙwabtaka, akwai cibiyar kula da gaɓar teku. Dukansu suna fita da baƙi rangadi, da jagora. Ka biya ɗan abin da ya sawwaƙa, a nuna maka yadda ake duba. Awa biyu da jagora ta fi kwana biyu kai kaɗai.

Ƙa'idarsu mai sauƙi ce. Abin da ya faɗo, yana yashe a bakin ruwa, kana iya ɗauka, don in ka bar shi teku zai niƙe shi. Amma kada ka haƙa jikin gangare. In kuma ka dace da wani abu na musamman, ka kai a rubuta shi a cibiya.

A nan zan ja kunne, don mu mutanen tudu ne. Yawancinmu ba mu san halin teku ba. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini. Inda ka taka a bushe da hantsi, kafin la'asar ya sha kan mutum. Kana sunkuye kana duba tsakuwa, ruwa ya zagayo ta bayanka ya tare hanya. Gaba teku, baya gangare. Don haka ake fita lokacin da ruwa ke janyewa, kuma akwai jadawalinsa. Gangaren ma ba abin yarda ba ne. A 1833 zaftarewar ƙasa ta kashe karen Mary Anning a gabanta, ita ma da ƙyar ta sha. Wadda aka haifa a wurin ke nan. Ina ga baƙon da ya sauka jiya? Ka tambaya, ɗan'uwa. Da ɗan gari akan ci gari.

To, mu dawo nahiyarmu. Mu je Maroko, don akwai labarin da nake so ku ji.

A kudu maso gabashin ƙasar, a bakin Sahara, akwai garin Erfoud. Can burbushin halittu sana'a ce. Akwai masu haƙa, akwai masu gogewa, akwai dillalai. Har tebur da kwano ake yi da baƙin dutse mai ɗauke da halittun teku. Kusa da nan akwai jerin tuddai da ake kira Kem Kem, inda ake samun haƙoran dainaso. Su ne muke ce wa kakannin ƙadangaru, ko da yake masana sun ce tsuntsaye ne jikokinsu na ainihi.

A 2008 wani matashin masani, Nizar Ibrahim, ɗan asalin Maroko da Jamus, ya je Erfoud. Wani mai haƙa, mai gashin baki, ya kawo masa 'yan ƙasusuwa a kwali. Ya karɓa ya ajiye a jami'a a Kasabalanka. Bayan wani lokaci ya ziyarci gidan tarihi a Milan ta Italiya. Aka nuna masa wasu ƙasusuwa da suka fito daga Maroko ta hannun dillali. Yana gani ya lura launinsu da fasalinsu irin na cikin kwalin nan ne. Zuciyarsa ta ba shi dabba ɗaya ce. Kuma ba ƙaramar dabba ba. Spinosaurus ce, mai ƙaton tozo a gadon baya.

Ku san darajar abin. An fara gano wannan dabba a Masar a 1912, aka kai ƙasusuwan Munich ta Jamus. A 1944, cikin Yaƙin Duniya na Biyu, bam ya faɗa wa gidan tarihin, suka hallaka. Shekara da shekaru masana ba su da komai sai zane da hoto da gutsattsari.

To ga ƙasusuwa a Milan, amma ba wanda ya san ramin da aka ciro su. Ƙashin da ba a san maƙwancinsa ba kuwa, kamar wasiƙa ce da aka yage adireshinta. Ba ka san shekarunsa ba. Ba ka san da wa ya zauna ba. Ba ka da tabbacin duka na dabba ɗaya ne. Dole sai an nemo mutumin nan mai gashin baki. Nizar bai san sunansa ba, bai san gidansa ba. A 2013 ya koma Erfoud ya yi ta cigiya, shiru. Har ya fid da rai. Yana zaune yana shan shayi, sai ga mutumin ya gifta. Ya bi shi da gudu. Ya lallashe shi, mutumin ya kai shi da abokan aikinsa ramin. Suka tono sauran ƙasusuwan, a 2014 duniya ta ji labari.

Kun gani? Ga ilimi, ga kuɗi, ga na'urori. Amma mabuɗin yana hannun wani bawan Allah mai diga da shebur.

Labarin nan ya koya mana abu biyu. Na ɗaya kun riga kun san shi. Na biyu kuwa, duk abin da ka tsinta, rubuta inda ka tsince shi. Sunan wuri, da ranar, da irin dutsen. Ɗauki hotonsa yana kwance kafin ka ɗaga, ka ajiye kwabo ko biro a gefe don a gane girmansa. Naɗe shi da takarda, ka sa rubutun a ciki. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa, takarda ba ta yi.

Kafin mu bar Maroko, kalma ɗaya a kan kasuwa. Akwai na gaske da yawa, akwai kuma jabu. Wasu ana zuba su da roba a manna a kan dutse. Wasu haƙoran gaske ne, amma muƙamuƙin da aka dasa su na siminti ne. In ka ga goma iri ɗaya sak, kamar an buga a inji, to ka yi hattara. Halittar Allah ba ta zuwa haka.

Yanzu mun zo gaɓar da ta fi kowace nauyi, wato doka. Ina roƙon ku kasa kunne sosai.

Abin da aka halatta a wannan ƙasa, a waccan laifi ne. Kai, ko a ƙasa ɗaya ma, doka takan bambanta daga wannan fili zuwa wancan. A jihar Wyoming ta Amurka, kusa da garin Kemmerer, akwai mahaƙun dutse na 'yan kasuwa. Ka biya, a ba ka guduma da kurfi, ka yi ta tsaga dutse. Kifayen da aka saba samu naka ne, ka tafi da su. Amma can kusa akwai Fossil Butte, wurin da gwamnati ta keɓe. Dutse iri ɗaya, kifi iri ɗaya. A nan ko ɓarɓashi ba a ɗauka. Baƙo ba zai gane wannan iyaka da ido ba. Sai an gaya masa.

Wasu ƙasashen kuwa sun ce duk burbushin da ke ƙasarsu dukiyar al'umma ce. Mongoliya na cikinsu, haka Birazil. A 2012 aka yi gwanjon ƙwarangwal ɗin wani dainaso a birnin New York, kuɗinsa ya haura dala miliyan 1. Gwamnatin Mongoliya ta ce nata ne, satar fita aka yi da shi. Kotu ta ƙwace, aka mayar da shi gida a 2013, wanda ya shigo da shi ya sha ɗauri. Birazil ma ta yi ta fafutuka a kan wani ɗan ƙaramin dainaso da ke ajiye a Jamus, har aka dawo mata da shi a 2023.

Wani zai ce, ai waɗannan manyan kaya ne, ni ɗan haƙori ɗaya na sa a aljihu. Ɗan'uwa, jami'in kwastan a filin jirgi ba da girman abu yake aiki ba, da doka yake aiki. Kuma rasit ɗin kanti daban, takardar izinin fita da kaya daban. Mai kanti ciniki yake so. In jirginka ya tashi ya bar ka a ofishin 'yan sanda, ba ya nan. Saboda haka tambaya uku ce, kowace da amsarta. An yarda in shiga? An yarda in ɗauka? An yarda in fita da shi daga ƙasar? Sau da yawa amsar ta farko e ce, ta ƙarshe a'a. Gidan tarihi na garin, ko sashen nazarin duwatsu na jami'a, su ne za su gaya maka gaskiya.

Ni a ganina ƙasashen nan suna da hujja. Mu 'yan Afirka mun san zafin a kwashe maka kayan tarihi, jikanka ya nemi biza kafin ya gan su. Abin da ba ma so a yi mana, kada mu je ƙasar wani mu yi masa.

Kuma ba dole sai ka ɗauka za ka ƙaru ba. Masu zuwa Alƙahira, karatu ko asibiti, ga wani wuri kusa da ku. A hamadar Fayyum akwai Wadi al-Hitan, tafiyar 'yan awoyi a mota mai shiga yashi. Sunan Larabci ne, kwarin manyan kifaye. Can za ka ga ƙwarangwal ɗin dabbobin wel, manyan dabbobin teku masu shayarwa, a miƙe a kan rairayi, kusan shekara miliyan 40 da mutuwarsu. Abin mamaki, irin waɗannan suna da 'yan ƙananan ƙafafun baya. UNESCO ta sa wurin cikin gadon duniya a 2005. An shata hanyar da za ka bi, akwai masu gadi, akwai gidan tarihi. Ba a ɗaukar komai. Amma wanda ya tsaya a tsakiyar Sahara yana kallon dabbar teku a gabansa, ya dawo da tsarabar da ba ta shiga jaka. Gani ya kori ji.

Daga ƙarshe, mu tuna ƙasar waje ba sai an haye teku ba. Ga Bakano, Agadas ƙasar waje ce. Ga mutumin Damagaram, Sakkwato ƙasar waje ce. Kuma Nijar na cikin ƙasashen da duniya ke ji da su a wannan fanni.

A hamadar Tenere akwai Gadoufaoua. Masu neman yuraniyom ne suka ci karo da ƙasusuwa birjik a wurin, sai masanin Faransa Philippe Taquet ya je a tsakiyar shekarun 1960. Daga nan aka fito da wani kada da tsawonsa ya kai na babbar mota. Daga nan aka fito da dainason da ake kira Ouranosaurus, wanda ke Gidan Tarihi na Boubou Hama a Yamai. Daga baya Paul Sereno na Jami'ar Chicago ya bi sawu. A 1999 ya sanar da Nigersaurus, mai faɗin baki da haƙora wajen 500. A yankin Ingal kuma ya tono wani, ya sa masa suna Jobaria.

Daga ina sunan ya fito? Daga Jobar, wata halitta a labaran Abzinawa. Makiyayan yankin sun daɗe suna ganin ƙasusuwan, har sun ba su suna, tun kafin wani Bature ya zo. Su ne jagororin kowace tawaga. Su suka san rijiya, su suka san hanya. Wannan hamada ba a shigarta da ka. Sai da izinin hukuma, sai da rakiya, sai an duba halin tsaro. Wanda bai sami hali ba, ya fara da gidan tarihin Yamai. Kowa na iya shiga.

Jama'a masu sauraro, lokaci ya yi halinsa. Kai da ke shirin tafiya, ke da ke shirin tafiya, ku ware yini ɗaya. Kuna sauka, ku nemi gidan tarihin garin, ku yi sallama, ku ce ku baƙi ne, kuna son a nuna muku. Ku tafi da yara in da hali. Ku kuma 'yan'uwanmu na Goronyo, da Wurno, da Ingal, da Marandet, a wannan harka ku ne 'yan gari. In garma ko ruwan sama ya tono muku ƙashin da ya koma dutse, kada ku fasa, kada ku sayar wa mai wucewa. Ku bar shi a maƙwancinsa, ku sanar da mai gari, a kira malaman Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko ta Abdou Moumouni su zo su duba.

Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.